Daga Jan Littafi Zuwa Gidan Tarihi: Rayuwar Osamu Tezuka (1928–1989)

A hutun ƙarshen zangon karatu da ya wuce na je gida Bagama, cikin garin Suleja, na tarar da 'ya'yan ƙannena sun yi cincirindo a zaure sun kewaye wayar hannu guda ɗaya. Wani fim na zane suke kallo, wanda mutanen cikinsa ke da dara-daran idanu da gashi cako-cako. Ɗaya daga cikinsu, wanda bai wuce shekara goma sha biyu ba, ya cika bayan littafinsa na lissafi da irin waɗannan fuskoki, ya nuna mini a ɓoye ya ce, "Baba, malaminmu ya ce in ya ƙara gani sai ya zane ni." Na tambaye su ƙasar da fim ɗin ya fito, suka ce Jafan. Na tambaye su ko sun san mutumin da ya fi kowa dasa harsashin wannan sana'a a can, ba wanda ya sani. Shi wannan mutumi, Osamu Tezuka, shi ne maƙasudin wannan maƙala, domin a tarihinsa akwai abin da ya shafe mu, mu masu nazarin adabin Hausa, fiye da yadda nisan ƙasar tasa zai sa a zata.

Jafanawa suna kiran labarin da ake bayarwa da zane-zane manga. A raba shafi gida-gida, kowane gida da hotonsa, maganar taurari kuma a rubuta ta cikin 'yar jaka kusa da bakinsu. Ba a barkwanci kaɗai abin ya tsaya ba, domin akwai labari guda da kan kai shafi dubu biyu ko uku, yaro ya fara karanta shi yana firamare, bai ƙare ba sai ya shiga jami'a.

An haifi Tezuka ran 3 ga Nuwamba 1928 a Toyonaka, kusa da birnin Osaka, ya kuma tashi a garin Takarazuka. Gidansu gidan masu hali ne da karatu, akwai likitoci a kakanninsa. Mahaifinsa yana da na'urar majigi a gida, wadda da ita yaron ya fara ganin finafinan Chaplin da na Disney. Mahaifiyarsa kuwa takan kai shi gidan wasan kwaikwayo na Takarazuka, inda mata zalla ke fitowa, su yi rawar maza su yi ta mata, cikin ado da waƙe-waƙe. Abu na uku da ya cika masa zuciya shi ne ƙwari. Ya tara su, ya zana su da haƙuri irin na mai ɗinkin hula, har ya ƙara harafin da ke nufin ƙwaro a ƙarshen sunansa na rubutu, ya kuma mutu da shi.

Yaƙin Duniya na Biyu ya same shi yana makarantar sakandare. Aka kwashe ɗalibai aka kai su aikin ƙarfi a masana'antu, shi kuma aka tura shi wata masana'anta a Osaka, inda yakan saci jiki ya yi zane ya manna a bangon makewayi don abokan aikinsa su karanta. A 1945 ya ga jiragen Amurka sun yi wa birnin ruwan wuta, ya ratsa ta cikin gawawwaki ya koma gida da ƙafa. Wannan rana ba ta taɓa barinsa ba, ya zana ta a wani gajeren labari a 1974, kuma ƙin yaƙi ya zama jigo mafi daɗewa a ayyukansa. A cikin shekarar 1945 ɗin ya shiga sashen koyon likitanci na Jami'ar Osaka. Watanni kaɗan bayan haka, a Janairun 1946, wata jaridar yara ta fara buga zanensa mai gida huɗu, yana ɗan shekara goma sha bakwai.

A nan ne ya kamata mai karatu ya tsaya ya dubi irin kasuwar da yaron ya shiga. Jafan ta fito daga yaƙi a rushe, ba abinci, ba takarda mai kyau, manyan kamfanonin ɗab'i na Tokiyo sun durƙushe. Sai ƙananan 'yan kasuwa na Osaka, da yawansu dillalan kayan wasan yara ne na unguwar Matsuyamachi, suka shiga buga ƙananan littattafai a kan takarda mai kaushi, bango ya sha jan tawada don ya ja idon yaro. Saboda wannan ja aka kira su akahon, wato jan littafi. Ba a kantin littattafai na mutunci aka fi sayar da su ba, sai a wajen masu alewa da rumfunan dare. Mai zane yakan sayar da aikinsa kacokan a ba shi abin da aka ba shi, wani ya kwaikwayi na wani, wani ma ya sace. Masana ba sa kallonsu balle su nazarce su. Wanda duk ya san bakin kasuwar Sabon Gari ta Kano da rumfunan littattafanta a shekarun 1990, ya san fuskar wannan ciniki ko da bai taɓa jin sunan Osaka ba. Har hayar littafi da 'yan matanmu suka saba, a karɓa yau a mayar gobe, Jafanawa sun yi ta, shagunan haya sun cika unguwanninsu a shekarun 1950.

Cikin wannan kasuwa, a Janairun 1947, littafin Shin Takarajima ya fito, wato Sabon Tsibirin Taska, mai shafi kusan 200. Wani dattijon mai zane, Sakai Shichima, shi ya tsara labarin, Tezuka ya zana. Labarin kansa ba wani abin a zo a gani ba ne, yaro ne da taswira da 'yan fashin teku. Yadda aka ba da shi ne ya girgiza yara. Kafin lokacin, yawancin masu zane suna tsayar da taurari ne kamar 'yan wasa a kan dandamali, mai karatu yana kallo daga wuri guda. Shi kuwa sai ya buɗe littafin da mota a guje, ba magana, ido yana bin ta daga wannan kusurwa zuwa waccan kamar yadda kyamarar fim ke yi. Yaran da suka karanta shi suka girma suka zama manyan masu zane sun sha faɗin cewa ji suka yi kamar takardar tana motsi. Akan ce an sayar da kwafi 400,000.

Abin da ya fi burge ni a wannan zango na rayuwarsa shi ne yadda bai raina masu karatunsa ba. Yara ne, littafin kuma na alewa ne, amma a 1948 ya rubuta musu labarin da ɗaya daga cikin taurarinsa, wani zomo mai hankalin mutum, ya mutu a ƙarshe, alhali al'adar lokacin ita ce a rufe da dariya. A 1950 ya mayar da wasan Faust na Goethe labarin zane, a 1953 ya yi haka da littafin Dostoyevsky na laifi da hukunci. Yawancin wannan ya yi shi ne yana karatun likita. An ruwaito cewa da abin ya yi masa yawa sai ya nemi shawarar mahaifiyarsa, ta tambaye shi wanne ya fi so, ya ce zane, ta ce to ya yi zanen. Ya dai ƙarasa karatun, ya ci jarrabawar zama likita a 1952, har ma ya sami digirin digirgir a 1961 da bincike a kan maniyyin wani dodon koɗi na ruwa, amma bai taɓa buɗe asibiti ba.

Daga 1950 mujallun Tokiyo suka buɗe masa ƙofa. A nan ya fara Jungle Taitei, Sarkin Daji, labarin farin zaki Leo, wanda ya gudana har 1954. A 1952 ya fara Tetsuwan Atom, wanda duniya ta sani da Astro Boy, ya ci gaba da shi har 1968. Wani masanin kimiyya ne ɗansa ya mutu a haɗarin mota, ya ƙera mutum-mutumi mai kamarsa, da ya ga ba ya girma sai ya tsane shi ya sayar da shi ga masu wasan nishaɗi. Yaron ƙarfe ne mai zuciya, yana yi wa mutane hidima suna nuna masa wariya. Tezuka ya ce asalin wannan tunani wani sojan Amurka ne mashayi da ya buge shi a titi zamanin mamaya, don kawai ba sa jin harshen juna. A 1953 ya ƙara da Ribon no Kishi don 'yan mata, labarin gimbiyar da aka rena a matsayin namiji, wanda duk wanda ya san gidan wasan garinsu zai gane inda ya samo shi.

Ɗaukaka ta zo da nata. A 1955 ƙungiyoyin iyaye mata da na malamai suka tashi da yaƙin kawar da miyagun littattafai. Aka ce manga yana ɓata tarbiyya, yana hana yara karatun kirki, yana lalata harshe. Aka tara su aka cinna musu wuta a filayen makarantu, kuma ayyukan Tezuka ba su tsira daga suka ba. Ya riƙa zuwa tarurrukan iyaye yana kare sana'arsa, har ya kawo hujjar cewa manga ƙwalama ce, ba ta maye gurbin tuwo amma yaro na bukatarta. A ganina ya sassauta da yawa, domin abin da ya rubuta daga baya ya fi ƙarfin ƙwalama. Amma mutumin da ake ƙona masa littafi ba ya zaɓen kalma yadda malamin jami'a ke zaɓa a ofis.

Ba sai na tunatar da mai karatu ba cewa mu ma mun ga irin wannan. Tun da littattafan su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da 'yan ƙungiyar Raina Kama suka cika gari, aka raɗa musu Adabin Kasuwar Kano, aka yi ta muhawara a jaridu tsakanin su Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu a kan ko adabi ne ko tarkace. A 2007 kuwa aka ƙona wasu daga cikinsu a wata makarantar 'yan mata a Kano, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Ban ce duk abin da kasuwa ta haifa zinariya ne ba. Mafi yawan jajayen littattafan Osaka shirme ne, an kuma manta da su yadda ya dace. Sai dai wanda ya cinna wa tulin wuta bai tsaya ya tsince ba, kuma a cikin tulin ne Tezuka yake.

Mu 'yan Suleja muna da namu misalin, wanda ma yake da wata igiya da ta haɗa shi da Jafan. Tukwanen Gwari kayan kasuwa ne da na ɗakin girki. A fadar Sarki Sulaimanu Barau, wanda ya gane darajarsu yana tara su, Michael Cardew ya ga aikin Ladi Kwali, kafin ya kafa makarantar ginin tukwane a nan garin, lokacin ana kiransa Abuja. Shi Cardew almajirin Bernard Leach ne, wanda ya koyi sana'ar a Jafan ya kuma kafa masana'antarsa a Ingila a 1920 tare da Bajafane Shoji Hamada. Ladi ta shiga makarantar a 1954, ta ci gaba da zana kunamu da ƙadangaru da kifaye a jikin tukwanenta, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, hotonta kuma ya hau takardar Naira ashirin. Hannun da ya yi tulun ruwa shi ne ya yi na gidan tarihi.

Mu koma ga Tezuka. Burinsa tun yana yaro shi ne zane mai motsi, don haka a 1961 ya zuba dukiyarsa ya kafa kamfanin Mushi. Ran 1 ga Janairu 1963 gidan talabijin na Fuji ya fara nuna Atom, rabin sa'a kowane mako, abin da masu sana'ar suka ce ba zai yiwu ba. Ya yiwu ne saboda ya rage yawan hotunan da ake zanawa, a tsayar da jiki baki kaɗai ke motsi, a ajiye wani yanki a sake amfani da shi, ya kuma karɓi kuɗin da bai kai abin da aikin ke ci ba, da fatan cike giɓin da kuɗin kayan wasa da cinikin ƙasashen waje. Shirin ya kai kashi 193, Amurka ta saya a shekarar farko. Fim ɗin da yaran zaurenmu ke kallo jikan wannan dabara ne. Amma ta bar miki: farashin da ya karya ya zama ma'auni, masu zane suka daɗe suna aikin dare da rana a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Da ya rasu, ana tsakiyar yabo, Hayao Miyazaki ya fito ya faɗi wannan laifi nasa ƙarara.

Ƙarshen shekarun 1960 ya zo masa da duhu. Wasu matasa da suka taso daga shagunan haya sun ƙirƙiro wani salo mai tsanani, na manya, wanda Tatsumi Yoshihiro ya sa wa suna gekiga a 1957. Ɗaliban jami'a suka koma can, aka fara cewa zamanin Tezuka ya wuce. Mutum ne mai kishi ƙwarai, ba ya son a yabi wani a gabansa ko da almajirinsa ne. Ya kafa mujallar COM a 1967 don ya kara da mujallar Garo ta su, ya gwada labarai masu ɗaci. A 1973 kamfanin Mushi ya karye, bashi ya hau kansa. A watan Nuwamba na wannan shekara wata mujallar mako-mako ta ba shi fili na 'yan makonni, kamar yadda ake yi wa tsohon mawaƙi kara. Abin da ya kawo shi ne Black Jack, likitan fiɗa marar lasisi, mai tabo a fuska, mai tsawwala wa attajirai kuɗi, wanda sau da yawa yakan ceci jiki ya ga rai ya kuɓuce masa ta wata hanya. Labarin ya yi shekara goma. Karatun likitan da ya ajiye shekara ashirin shi ya dawo ya fitar da shi kunya.

Daga nan har mutuwarsa bai ƙara sauka ba. Ya zana tarihin Buddha daga 1972 zuwa 1983, ya yi labarin mutum uku masu suna Adolf a zamanin Hitler daga 1983 zuwa 1985. Wanda shi kansa ya ɗauka aikin rayuwarsa shi ne Hi no Tori, Tsuntsun Wuta, wanda jininsa ke hana mutuwa. Littafi guda ya faru a farkon tarihin Jafan, na biye ya tsallaka dubban shekaru gaba, na bayansa ya dawo baya, kowane tsalle yana matsowa kusa da zamaninmu, a kowane zamani kuma mutane na hallaka kansu wajen neman dawwama. Bai kai ga inda layukan biyu za su haɗu ba.

Akwai wani ɓangare da ɗan Afirka ba zai tsallake ba. Sarkin Daji a nahiyarmu aka kafa shi, kuma ƙarshensa na daga cikin mafi taɓa zuciya da na sani, inda zakin ya ba da ransa a kan dutse mai ƙanƙara don abokinsa mutum ya ci namansa ya lulluɓa da fatarsa ya tsira. Amma baƙaƙen fatar da ke cikinsa an zana su da kumburarrun leɓɓa da mashi, irin siffar da ya kwaso daga tsofaffin finafinan Amurka. Mutumin da ya yi shekara goma sha shida yana rubutu a kan wariyar da ake nuna wa yaron ƙarfe bai ga wadda alƙalaminsa ke yi wa mutane masu jini ba. A 1990 wata ƙungiyar yaƙi da wariyar baƙar fata da ke Osaka ta yi ƙorafi, aka dakatar da wasu littattafan, daga baya aka ci gaba da buga su da bayani a ƙarshe mai amsa cewa irin wannan zane yana da illa. Da Disney ya fitar da The Lion King a 1994 aka yi ta ce-ce-ku-ce a kan kamarsa da labarin Leo, kamfanin ya musanta, magadan Tezuka kuma ba su kai ƙara ba. Jafan da Amurka ke jayayya a kan wa ya fara ƙirƙiro Afirkar zakuna, mu kuwa masu nahiyar muna gefe muna sayen tikiti. Muna da zayyanar allo da aska takwas da dagi, muna da hotunan cikin Magana Jari Ce da na bangon littattafan Kano, amma dogon labari na zane da Hausa bai yi saiwa ba tukuna, ga ƙyamar hoton mai rai, ga bulalar malamin lissafi.

Ciwon daji na ciki ya kashe shi a Tokiyo ran 9 ga Fabrairu 1989, wata guda bayan rasuwar Sarki Hirohito, yana da shekara 60. An ce har a gadon asibiti roƙo yake a bar shi ya yi aiki. Ya bar shafi wajen 150,000, kamfanin Kodansha ya tattara su cikin littafi 400. A 1990 babban gidan adana zane-zanen zamani na ƙasa da ke Tokiyo ya baje kolin ayyukansa, shekara 35 bayan wutar filin makaranta. A 1994 garin Takarazuka ya buɗe gidan tarihi da sunansa, a 1997 jaridar Asahi ta kafa gasa don tunawa da shi.

Shi kuwa jan littafin nan na 1947, asalin zanensa ya ɓace, don ba wanda ya zaci abin ajiyewa ne. Da aka zo sa shi cikin tarin ayyukansa a 1984 sai Tezuka ya sake zana shi daga farko, ya gyara, ya ƙara. Masu nazari da dama suka riƙa kafa hujja da shafukan sabon zanen suna zaton na asalin ne, sai a 2009 aka sake buga tsohon yadda yake. Na tuna da wannan bara, da na tashi koyar da ƙagaggun labaran shekarun 1980, na nemi bugun farko na wani littafin Kano a ɗakin karatu ban samu ba. A ƙarshe wata ɗalibata ce ta samo mini shi a adakar gwaggonta, bango ya cire, shafi shida na ƙarshe gara ta cinye.